Direban da Baba Ya So Ya Ceta

Shekarar da idon Baba ya ƙarasa mutuwa, ina akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa da ke bakin Sabon Gari, ina da mata da 'ya ɗaya da keke. Turawa ba su tafi ba tukuna, amma an fara maganar tafiyarsu a kowace rumfa. Muna zaune a Fagge, a gidan da kakanmu ya gina sa'ad da ya zo daga Barno ya ƙi komawa. Baba ya yi kusan shekara talatin yana rubutu a gaban alƙalai, daga wannan gari zuwa wancan, har ya kai muhuti, wato malamin da ke zama kusa da alƙali yana duba masa littafi. Da yanar ido ta rufe masa gani aka sallame shi da godiya da rawani guda, ya dawo gida ya zauna a zaure.

Watannin farko mutane sun riƙa zuwa. Wannan ya kawo rikicin gado, wancan ya kawo maganar iyakar gona, Baba ya saurara ya faɗa musu abin da littafi ya ce. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke. Mutane suna son malamin da zai buɗe littafi a gabansu su ga yatsansa a kan layi, ko da su ba su iya karatun ba. Kafin shekara ta zagayo zauren ya koma na Baba da kaji. Sai ya daina magana. Ka gaishe shi ya amsa, ka tambaye shi jiki ya ce da godiya, shi ke nan. Matata takan aika masa tuwo ya dawo an ɗan gutsuri gefe ɗaya. Carbi yana hannunsa kullum, amma na sha tsayawa ina kallo ban ga ƙwaya ɗaya ta motsa ba. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga mutum yana tafiya alhali ba ya ciwon komai.

Ni kuwa a lokacin ina da wani abu da nake ɓoyewa: ina zuwa silima. A gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Silima wurin 'yan iska ce da direbobi da matan da ba su da mai ce musu kul, kuma ɗan muhuti ba ya raɓar ƙofarta. Wani abokin aikina mutumin kudu ne ya fara jana, daga nan na riƙa zuwa ni kaɗai duk ran Asabar. A gida nakan ce ana lodin gyaɗa a tashar jirgi. In na isa sai in cusa hulata a aljihu, in jingine keke wurin mai tsaro, in shige da kaina a ƙasa kamar wanda ake bi.

Wurin katanga ce doguwa ba rufi, da wani farin bango a gaba. Bencina suna gaba don masu ƙaramin ƙarfi, kujeru suna baya don akawuna da Kwarori, Larabawan nan masu kantuna. Ana farawa da duhu ya sauka, don haske ba ya kama bangon sai rana ta faɗi. Ga masu gyaɗa da rake, ga hayaƙin taba yana ratsa hasken injin. Yawancin jama'a fim ɗin kaboyi suke so, a hau doki a yi harbi a yi ihu. Ni wannan bai taɓa riƙe ni ba. Nawa uku ne: na ɗan sandan ciki, na manyan ɓarayin birni, da na ban tsoro.

Har yau ina ja da duk wanda ya ce waɗannan finafinai shirme ne, ko da yake yanzu ba ni da ƙarfin doguwar gardama. Ɗan sandan cikin da ke cikinsu ba jarumi ba ne mai tsalle. Mutum ne gajiyayye irinmu, da malafa da doguwar kwat, ka ga alamar bai yi barci ba kuma albashinsa ba ya isarsa. Ba ya gudu, ba ya ɗaga murya. Ya shiga ɗaki ya yi 'yar tambaya wadda ba ta kai ta kawo ba, ya juya kamar zai fita, sai ya ƙara wata. Ba launi a fim ɗin, baƙi ne da fari, kuma ba a nuna maka jini. Hannu za ka gani a kan ƙofa, ko inuwa tana hawa bene, sauran zuciyarka ce za ta ƙarasa, kuma takan ƙarasa fiye da yadda su za su iya. Ba sai ka ji Turanci ba. Ni da na yi makarantar midil ba na kama rabin abin da suke faɗa, ga magana ta hanci ga lasifika tana ƙara kamar zuma ta shiga tulu. Amma mahaucin da ke gefena, wanda ko gaisuwar Turanci bai iya ba, yakan nuna mai laifi tun ba a je ko'ina ba, don ya ga wanda ba ya iya haɗa ido da mutane.

Na ɓarayi kuma sai su sa ka so mugu kana sane. Ka ga ɗan talaka ya taso ba shi da ko takalmi, ya zama mai mota da 'yan kore, kana jin daɗi a ranka, can ka gan shi kwance a bakin kwata malafarsa tana gefe. Ka fito kana jin kunyar kanka kaɗan, kuma ina ganin wannan kunyar tana da amfani. Na ban tsoro kuwa tsoro ne da ka san lokacin tashinsa. A waje kana tsoron a kore ka daga aiki, kana tsoron zazzaɓin yarinya, kana tsoron shirun tsohonka, babu wanda ya gaya maka ranar da za su ƙare. Abin da ya fi ja na duk cikinsu shi ne cewa kafin a kunna fitila gaskiya takan fito. A ofishinmu na shekara takwas ban ga ta fito ko sau ɗaya ba.

Wata Lahadi bayan la'asar ina tsugune ina yanke wa Baba farce. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce akawu, rabi alkunya rabi zolaya.

Sai ya ce, "Akawu, kai ba ka da abin faɗa ne? Kullum kana cikin mutane."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Fim ɗin daren jiya yana nan sabo a raina, sai na ce, "Akwai wata shari'a da na gani a jaridar da ke zuwa wa Baturenmu daga Ingila."

Na ba shi labarin wata tsohuwa mai dukiya da aka wayi gari ta mutu, aka ce zuciya ce, ɗan sandan ciki ya ce bai yarda ba. Na lissafa masa mutanen gidan: kuku, da likita, da ɗan ƙanenta, da wata yarinya da take riƙo. Ina cikin magana na ji ya janye ƙafarsa daga hannuna ya gyara zama.

Ya ce, "Dakata. Wa ya fara cewa a gaggauta binne ta?"

Na yi tunani na ce ɗan ƙanen ne.

"A cikinsu wa ya fi kuka?"

"Shi ɗin dai."

"Kafin ranar yakan zo gaishe ta?"

Na ce sai a wannan watan ya fara zuwa. Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda na shekara ban ji ba, ya ce, "To me ake jira? A tsare shi, a nemo wanda ya sayar masa da abin da ya zuba mata." Haka kuwa fim ɗin ya ƙare. Ran nan kwanon tuwonsa ya dawo wayam, har ya aiko a ƙara masa miya. Matata ta tsaya da kwanon a hannu tana dubana, ni kuma na ɗauke kai.

Daga nan abin ya zama aiki. Ran Asabar in je Sabon Gari in kwaso shari'a, ran Lahadi bayan la'asar in kawo ta gaban muhuti. Na daina kallo don jin daɗi, na koma kallo kamar mai ɗaukar karatu, ina riƙe wa ya shiga ɗaki kafin wa, wace taga ce a buɗe, don na san za a tambaye ni. Baba ba ya yarda da rabin hujjojin Turawa. Da na gaya masa sukan kama mutum da zanen yatsansa a jikin kofi, sai ya ce yatsa ba ya rantsuwa, a kawo masa mutum biyu adilai. Amma yana girmama ɗan sandan cikin. Yakan ce, "Wannan ya san aiki. Ba ya tambayar mutum abin da yake jiran a tambaye shi." Wani mako ba a nuna komai ba sai na ban tsoro, na rasa yadda zan yi na kawo masa labarin wani attajiri da ya mutu ya riƙa fitowa daga kabari yana bin magadansa. Baba ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "An yi masa wanka? An yi masa salla? A cikin akwati fa suka cusa shi da takalminsa. To me kake so ya yi? Kai wa matarka wannan, ni ka kawo mini masu rai."

Kusan wata bakwai muka yi a haka. Ya yi ƙiba kaɗan, ya koma fita masallaci da sandarsa, ya koma faɗa da masu tallan da ke tsaya masa a ƙofa. Wani tsohon abokinsa mai sayar da littattafai a kasuwa ya fara zuwa ran Lahadi don ya ji, su yi ta musu a kan wanda ya yi kisa. Na san ƙarya nake yi wa mahaifina, malami, makaho, a cikin zaurensa. Amma duk lokacin da zuciyata ta tuhume ni sai in dubi kumatunsa in yi shiru.

Sai damina ta kawo fim ɗin direban. Labarin wani mai kantin magani ne da aka tarar a mace a bayan kantinsa, aka kama direbansa. Muna tsakiyar kallo ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tun da ba rufi, kowa ya kwashi kansa ya manne da katanga, mai injin kuwa bai tsaya ba, yana ɗakinsa a bushe. Na yi minti goma ko fi ina kare kaina da benci, ba na ganin komai sai bayan wuyan wani. Da ruwan ya tsagaita na koma, na tarar an sa direban a wani ɗaki da fitila a fuskarsa, 'yan sanda suna karɓa-karɓa a kansa kwana da kwanaki. Ɗan sandan cikin ya yi masa dabara, ya ce maigidan bai mutu ba, ya farfaɗo ya ambaci sunansa. Direban ya kifa kai ya amsa laifi. Aka nuna alƙali da farin gashinsa na aro, aka nuna ana tafiya da direban ta wani dogon lungu, fim ya ƙare.

Washegari na kawo ta gaban Baba yadda na gan ta, da ramin da ke tsakiyarta. Tun ban gama ba na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Wa ya gan shi ya yi?"

Na ce babu.

"An sami wani abu na mamacin a hannunsa?"

Na ce jaridar ba ta faɗa ba. Wataƙila an nuna a lokacin da nake ƙarƙashin benci, amma wannan ba abin da zan iya gaya masa ba ne.

"Makullin ƙofar baya, mutum nawa ke da shi?"

"Shi da surukin mamacin."

"An tambayi surukin?"

"Ban ga an tambaye shi ba."

Baba ya ajiye carbinsa a kan buzu. Ya ce, "An hana mutum barci kwana uku, an yi masa ƙarya, sa'an nan a ce ya yi iƙirari. Wannan ba iƙirari ba ne. Ko ni ka hana ni barci kwana uku zan ce ni na kashe kakana." Sa'an nan ya ce, "An rataye shi?"

A nan na yi wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Da na ce an rataye shi, da an yi masa addu'a an wuce wurin. Amma ni ban ga an rataye shi ba, tafiya da shi kawai na ga ana yi, kuma wata bakwai Baba yana horar da ni kada in faɗi abin da ban gani ba. Sai na ce, "Tukuna. Sai wata mai kamawa."

Ya ce, "To akwai lokaci. Ɗauko tawada."

Na zaci wasa yake yi. Ba wasa ba ne. Ya sa na zauna ya yi mini shifta da Larabci, wasiƙa zuwa ga alƙalin Turawa da ya yanke hukuncin. Ya fara da gaisuwa irin ta malami zuwa ga malami. Ya faɗi shekarun da ya yi a gaban alƙalai. Ya jero dalilansa ɗaya bayan ɗaya, ya kawo abin da malamai suka ce a kan iƙirarin wanda aka matsa wa, ya roƙi a kira surukin a tambaye shi inda ya kwana. A ƙarshe ya ce shi tsoho ne makaho a wata ƙasa mai nisa, ba ya neman komai, sai dai kada a kashe mutum a kan shakka. Ban taɓa jin ya yi magana mai kyau irin ta ran nan ba. Na kama masa hannu ya sa sunansa a ƙasa, layin ya karkace ya gangara. Ya umarce ni in juya ta zuwa Turanci in kai gidan waya da safe, a sa ta a jirgin sama kada a sa ta a na ruwa.

Na kai ta ofis na jefa a aljihun tebur, ƙarƙashin tsofaffin takardun awo. Ran Asabar na ruga silima don in sake kallon fim ɗin in ga abin da ruwa ya ɓoye mini, ko na sami hujjar da za ta kwantar masa da hankali. Mai yanka tikiti ya ce ai tun ran Talata aka sa shi a jirgin ƙasa ya tafi Jos.

Baba ya daina karɓar sabuwar shari'a. Na kawo masa wata mai daɗi ya ce in ajiye ta, ba a buɗe wata ba a rufe wata ba. Kullum na dawo aiki, tun ban sauke ƙafa daga keke ba zan ji muryarsa daga zaure: "Akawu, gidan waya fa?" In ce shiru. Ya ce jirgin sama kwana nawa yake yi, in faɗa masa, ya lissafa da yatsu. Ya fara azumin Litinin da Alhamis da sunan direban. Ya roƙi limamin unguwa ya sa wani bawan Allah da ke tsare a ƙasar Turawa cikin addu'a, liman ya sa, jama'a suka shafa. Ina cikin sahu na shafa tare da su, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Matata ta daɗe da ganewa. Mai lodin gyaɗa ba ya dawowa da guntun tikiti a aljihu. Ba ta taɓa tona ni ba, sai ran da ta ga na kasa cin abinci ta ce, "Ka ce wa Baba an saki direban mana. Kai ka ɗaure shi, kai za ka kwance shi." Na ce zan yi. Na shirya maganar tsaf a kan hanya, yadda surukin ya amsa laifi, yadda alƙali ya yi godiya.

Na iso na tarar da mai littattafai a zaure, sun riga sun yanke shawara. Baba yana zargin na kuskure adireshi. Saboda haka ran Litinin abokin nasa zai sa babbar riga ya je ofishinmu ya ga Baturena, ya roƙe shi jaridar nan da sunan alƙalin, a kira malamin makarantar da ke maƙwabtaka da mu ya karanta a gaban kowa. Sun kuma ce za a rubuta wasiƙa ta biyu, malaman Fagge su sa hannu. Na hango abin kamar a farin bangon nan: dattijo da babbar riga a gaban Bature yana tambayar direban da babu shi, akawuna suna danne dariya, kafin magariba labari ya gama kasuwa cewa muhuti ya rubuta wa hoto wasiƙa. Sunansa kaɗai ya rage masa a garin nan.

Ko a lokacin ina iya ƙara wata ƙaryar. Ina iya cewa yau ɗin nan jarida ta zo, an sake shi, Bature ya tafi da ita rangadi. Har yau ban san abin da ya hana ni ba, ko tsoron Allah ne ko gajiya. Na fi zargin gajiya. Na jira mai littattafai ya tafi, na raka shi bakin titi, na dawo na tsuguna nesa da buzun kaɗan. Rana ta yi sanyi, yara suna wasa a waje.

Na ce, "Baba, ina da magana. Babu jarida."

Na gaya masa duka: silima, ran Asabar, lodin gyaɗar da ba a yi, ruwan da ya sauko, wasiƙar da ke aljihun tebur. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya cancance ni. Na ɗauka zai yi maganar tarbiyya da sunan gida, ko ya ce in tashi in ba shi wuri.

Sai ya ce, "Wato hoto ne."

"Hoto ne, Baba."

"Direban fa?"

"Ɗan wasa ne. Biyansa ake yi. Wataƙila yanzu yana gidansa cikin iyalinsa."

"Ba za a rataye kowa ba."

"Ba kowa."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya faɗe ta da gaske, har kafaɗunsa suka sauka. Na fara jin sanyi a raina, na ce ashe abin zai zo da sauƙi. Sai ya ci gaba da magana, ba da ni ba sosai, fuskarsa tana wajen ƙofa.

Ya ce sa'ad da yake saurayi, yana rubutu a wata kotu can gabas, an kawo wani makiyayi a kan satar shanu. An tsare shi kwanaki, aka fito da shi yana tangaɗi ya ce shi ne. Shaidu biyu suka tsaya, kuma Baba ya san ɗaya daga cikinsu ba ya garin ranar da aka yi satar, don tare suka kwana a wani ƙauye. Alƙalin babba ne, mai shanun ya fi shi girma, shi kuwa yaro ne sabon ɗauka da alƙalami a hannu. Ya rubuta abin da aka ce ya rubuta, da kyakkyawan rubutu. Makiyayin bai ƙarasa shekara a gidan yari ba ya mutu.

Ya ce, "Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarka. Da ka kawo maganar direban nan, na ɗauka Allah ne ya sake kawo mini shi, don in buɗe baki wannan karon."

Na so in ce ya buɗe bakin ai, wasiƙar tana nan, na so in ce Allah yana duba niyya. Shi ya koya mini waɗannan maganganu, ya fi ni sanin inda suke tsayawa. Aka kira magariba, na miƙa masa sandarsa, ya ce yau a gida zai yi.

Bai taɓa yi mini faɗan silima ba, ko da kalma ɗaya, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Shi da kansa ya aika wa mai littattafai cewa an fasa zuwa ofis, magana ta mutu, bai faɗi dalili ba. Sunansa ya tsira, babu wanda ya yi masa dariya a Fagge har ya koma ga Allah bayan damina biyu. Abin da na tsaya karewa na kare shi, amma ban taɓa jin na yi nasara ba.

Ran Asabar ɗin da ta biyo bayan na gaya masa gaskiya na sake zuwa Sabon Gari, don ban san wani wurin da zan kai kaina ba. Aka nuna na ɗan sandan ciki, mai kyau ƙwarai, irin wanda Baba zai warware tun kafin a kai rabi. Na riƙe komai, har da agogon da ya tsaya da laka a takalmin mai lambu. Ran Lahadi bayan la'asar na shiga zaure na gaishe shi na tsuguna.

Na ce, "Baba, akwai wata shari'a."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Ya ce, "Ta gaske ce?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To bar ta, akawu."

Na zauna tare da shi har aka kira salla.